Ƙunshin da Ke Ƙasan Jakarki

Daga unguwar Sheshe, cikin birnin Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin sha ruwa, kin huta gajiyar mota. Allah ya tsare ki a masauki kamar yadda ya tsare ki a hanya. Ki gaida Gwaggonki Asabe da maigidanta da yaran duka.

Kada ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya da shi. Kin san yadda hirarmu ta koma. Ki faɗa, in ce "Na'am?" Ki sake faɗa, in ce "Me?" Kafin mu gama magana ɗaya duk lungu ya ji. Abin da zan gaya miki kuwa ba na maƙwabta ba ne masu kasa kunne ta katanga. Shi ya sa na rubuta, na cusa ta ƙasan jakarki tare da ƙunshin da na naɗe a tsohon tawul ɗina. Ki buɗe, za ki ga hedifon ɗinmu na shago, da ƙananan akwatunan nan biyu, dak mai fito da sauti daga kwamfuta da amfilifaya mai ƙarfafa shi, da wayoyinsu, da filas guda na kwamfuta. Naki ne. Kada ki ɗauki waya ki ce za ki dawo min da su, ba zan karɓa ba.

Na san abin da ke cin ranki. Ran da Baffanki Sule ya zo soro yana faɗa, kina bayan ƙofa, na ga ƙafafunki. Maganarsa dai na ji ta tsaf, don Yaya Sule ba ya buƙatar amfilifaya. Ya ce, "Habu, kai ba ji kake yi ba, ita ce kunnenka. Ka sake ta ta tafi aikin sutudiyo a wani gari, wa zai saurara maka? Kuma 'ya mace, ta wuni da abu a ka kamar mai tuƙa jirgi? A gidan nan ba a taɓa yi ba." Wannan duk bai dame ni ba, na saba. Abin da ya ƙona min rai shi ne da kika kawo min abinci, kika durƙusa ta wajen kunnena na dama kika ce, "Baba, ko in haƙura da tafiyar?" Wallahi Ummi, da kin zage ni ya fi min sauƙi. To ki zauna ki karanta wautar da ubanki ya tafka a wannan sana'a, sannan ki ga ko mutumin da ya yi wannan ya cancanci a ajiye rayuwa saboda shi.

Bari in fara da kunnen, tunda shi aka kama ake yi min gori. Ba ciwo ne ya ci shi ba, ba iska ba, ba tsufa ba. Ni na kashe shi da hannuna. Lokacin da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kina ƙarama ba za ki tuna ba, aiki ya yi mana yawa mu masu kwafar kaset. Kowane ɗan takara yana da mawaƙinsa, kowane mawaƙi yana son kaset ɗinsa ya riga na abokin gaba shiga gari. Ga masu wa'azi, ga masu karatu, ga masu biki. Wuta ba ta zama, janaretana yana bakin ƙofa, na mai walda yana gefe. Don in ji abin da nake kwafa sai in sa hedifon in murɗa. Janareta ya yi ƙara, in ƙara murɗawa. Har wani amfilifaya na haɗa da kaina, mara imani, ina alfahari cewa idan na ajiye hedifon a tebur ana jin waƙar daga tsallaken hanya. Idan na tashi aiki sai in ji kunnena yana kuka, wiii, in ce gajiya ce. Kakarki, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Habu, ka zama kamar mai faɗa, kullum da ihu kake magana." In yi dariya in wuce.

Da na je asibiti likita ta duba ta ce abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa. Na hagu ya tafi. Na dama kuma yana bin sa a hankali, siraran sautuka ya fara zubarwa. Rabona da jin kukan tsuntsu da safe har na manta.

Don haka ki ji. Wannan amfilifaya da na ba ki ba don ƙara aka yi shi ba. Amfaninsa shi ne ki ji komai sarai alhali kin yi ƙasa da murya. Akwai ɗigon farin fenti da na sa a jikin mamurɗin, kin san shi. Kada ki wuce shi ko wa ya ce. Idan wuri ya yi hayaniya, ki tashi ki rufe ƙofa, ko ki jira, amma kada ki yi gasa da janareta. Idan kunnenki ya yi kuka bayan aiki, to kin yi laifi ranar, ki huta. Za ki haɗu da samari a can masu ganin jarumta ce a sa kiɗa har tebur ya yi rawa. Ki bar su da jarumtarsu. In sun matsa, ki ba su labarina.

Sai maganar kunya, wadda ita ma ta ci ni. Wata rana wani Alhaji mai ɗaukar nauyin mawaƙan siyasa ya shigo shago, ya dubi teburina sama da ƙasa, ya taɓe baki ya ce, "Malam Habu, da wannan tarkacen kake aiki?" Maganar ta tsaya min a rai. Washegari na tafi Sabon Gari na ɗauko wani ƙaton amfilifaya, sai da aka kama min aka ɗora a kura. Fitilu kore da ja suna tsalle a gabansa. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kai, Habu an ci gaba!" Amma abin nan, Ummi, gurnani yake yi. Ko ba a kunna komai ba yana mmmm a ƙarƙashin sauti, kuma duk muryar da ta bi ta cikinsa sai ta kumbura ta yi kauri. Tun ranar farko na ji. Amma saboda kada a ce an cuce ni, na ci gaba da aiki da shi, ina rage kaurin da babu shi a kaset ɗin mutane. Aikina na wannan lokacin ya fita siriri, ba daɗi. Masu kawo karatu suka fara kaiwa wani wuri, ba wanda ya gaya min dalili, ni ma ban tambaya ba don na sani.

A sutudiyon da za ki za ki ga kayan da ban taɓa gani ba ko a mafarki. Ki koye su da kyau, ki yi tambaya, kada ki ji nauyi. Amma na san akwai ranar da za ki fito da 'yan akwatunan nan ki ɗora a teburinki, wani ya leƙo ya yi dariya ya ce, "Wannan fa? Kwalin ashana?" Ki ce masa eh, na araha ne, na ubana ne. Kada ki ɓoye su a jaka, kada ki ba da haƙuri a kansu. Kin san halinsu, kin san abin da suke nunawa da abin da ba sa nunawa, kuma shekarun da kika yi kina sauraro da su ba a sayen su a kanti. Idan kin sami wanda ya fi su, ki rufe ido ki sa wani ya riƙa sauya miki ba tare da kin san wanne ne wanne ba. In kunnenki ya zaɓi sabon, ki ɗauka da hannu biyu. In ido ne kawai ya zaɓa, ki bar shi a inda yake.

Yanzu ga babbar. Kin san rabinta, ban taɓa gaya miki ɗaya rabin ba.

Kina goye aka ɗauki muryar mahaifiyarki. Na sayo sabuwar rikoda, na shigo tsakar gida ina gwada ta, ita kuma tana gaban murhu. Ta ce, "Malam, ka kashe abin nan ka zo ka riƙe min yarinyar nan, tuwo zai kama." Na ce ta bari ta ji muryarta mana. Ta ce, "Muryata ta me? Ni zabiya ce?" Sai ta yi dariya. Daga nan ta manta da rikodar, ta ci gaba da yi miki 'yar waƙar rarrashi tana tuƙi. Ana jin tattabarun maƙwabta, ana jin turmi a bayan katanga, ana jin muciya tana bugun tukunya. Bayan rasuwarta ba mu da hoto, ba mu da komai, sai wannan kaset.

Da kwamfuta ta shigo gari, ni ma na sayi ta hannu, na koyi zuba kaset a ciki a mayar da shi faifan sidi. Na ce bari in fara ceton muryar nan kafin zaren ya tsufa. Na zuba ta, na sa hedifon a ramin da ke jikin kwamfutar, na saurara. Sai na ji shuuu a kan muryarta. Raina ya ɓaci. Akwai abin goge ƙara a cikin manhajar, na danna. Shuun yana nan. Na sake dannawa, na ƙara masa ƙarfi. Yana nan. Na yi ta gogewa ina ajiyewa a kan na farkon, ina gogewa ina ajiyewa, da taurin kai irin wanda kika san ni da shi. Da na gaji sai na ce to, iyakar abin da zai yiwu ke nan. Kaset ɗin kuma na jefa shi a aljihun tebur, ina ganin an wuce zamaninsa. Damina ta zo, rufin shago ya yi yoyo ta daidai wurin. Ko da na tuna da shi, zaren ya yi funfuna ya manne, na ja ya tsinke a hannuna.

Ke kika gano abin da ya faru, ba ki ma san kin gano ba. Kin dawo daga makaranta da kayan makarantarki, kika sa hedifon don wasa, sai kika ce, "Baba, wannan shuun ai ba a cikin waƙar yake ba. Ko an tsayar da komai yana nan." Na karɓa na sa, na murɗa. Babu abin da ke tafiya, amma ga shi nan, shuuu. Ashe daga cikin kwamfutar yake fitowa, daga wannan ramin banza da aka maƙala kusa da fanka da wayoyin wuta. Muryar mahaifiyarki ba ta da laifin komai. Ƙazantar kayan aikina nake ji, ita nake kankarewa.

Dalilin sayen dak ke nan. Kin fi ni sanin aikinsa yanzu, amma ni yadda na fahimce shi, kwamfuta ba ta san murya ba, lissafi ta sani. Shi kuma ya karɓi lissafin ya fita da shi waje, nesa da hayaniyar cikinta, ya mayar da shi sauti mai tsabta, ya miƙa wa amfilifaya. Wani mai kawo kaya daga waje ya samo min mafi araha. Ranar da na haɗa shi na aike ki gida, na rufe shago, na kunna muryarta. Shuun ya tafi, shiru tas. Sai na ji abin da na aikata. Babu tattabaru, babu turmi, babu muciya. Muryarta ta koma kamar mai magana daga cikin randa, tana wani ƙyal-ƙyal na gwangwani. Dariyar nan tata, wadda ake ji daga soro, ta gutsuttsure. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izarta. Duk lokacin da kika saurara kika ce, "Ashe haka muryar Inna take," sai in gyaɗa kai. Ba haka take ba, Ummi. Muryarta cikakkiya ce, mai ɗumi, tana da ɗan kauri a ƙasa kamar taki. Ni na hana ki ji.

Ki riƙe abu biyu daga wannan, ko kin manta sauran takardar. Kafin ki gyara komai, ki tsayar da shi ki saurari kayan aikinki su kaɗai, ki tabbata laifin ba daga wajenki yake ba. Sannan kada ki taɓa yin aiki a kan na asali. Ki yi kwafi, ki ɓoye na asalin a wuri biyu, ko da maigidan aiki yana tsaye a kanki yana cewa ki yi sauri. Za a kawo miki muryar tsoho da ya rasu, da karatun malamin da ba zai sake karantawa ba. Masu kawowa ba su san abin da hannunki zai iya ɓatawa ba, ke kika sani. Kuma ba kowace ƙara ce datti ba. Wani lokacin kukan akuya a bayan magana shi ne abin da mai kayan zai ji ya tuna gidansu.

Saura Baffanki. Ki girmama shi, yayana ne, shi ya riƙe gidan nan bayan mahaifinmu, kuma ba ƙin ki yake yi ba. Amma ki san ba yau ya fara ba. Ina saurayi wani ma'aikacin gidan rediyo ya kawo min gyara, ya ga yadda nake sauraro, ya ce in zo a gwada ni a ɗakin ɗaukar murya. Na zo gida da murna. Yaya Sule ya ce, "Ɗan gidan malamai a cikin makaɗa da 'yan wasa? Ba da mu ba." Na sunkuyar da kai na ce to. Ban yi gardama ba, ban nemi wani babba ya sa baki ba, ko kwana ban yi a kan maganar ba. Kuma abin haushi, da na buɗe shagon kaset, waƙoƙin makaɗan nan dai na ƙare ina kwafa, sai dai a lungu, ba wanda ya koya min komai. Da na je can, da an gaya min illar ƙara tun kunnena yana da rai. Da an gaya min ba a aiki a kan na asali. Ba na ɗora masa laifi. Shi ya faɗi ra'ayinsa ne, ni na ce to.

Wannan karon ban ce to ba. Na ce masa, "Yaya, yarinyar nan ta gama karatunta, ta aika aikinta, sun ji sun kira ta. Gidan ƙanwarmu za ta zauna. Ni ne ubanta, kuma na yarda." Ya ce zai kai maganar gaban manya. Na ce ya kai, zan zo, in sun yi magana a hankali ma ba ji zan yi ba. Ya tashi ya kaɗe riga ya fita, har yau gaisuwa kawai muke yi. Zai huce. In bai huce ba, ni da shi ne, ba ruwanki. Masu cewa na saki 'ya mace kuma, su yi ta faɗa, kunnen hagu na juya musu. Abin da nake nema a wurinki shi ne ki riƙe sallarki da mutuncinki, ki dawo gidan Gwaggonki a kan lokaci, ki yi aikin da zai sa ko wanda ba ya so ya yi shiru.

Gaskiya ɗaya Baffanki ya faɗa, ke ce kunnena. Shekarun nan ni nake danna kwamfuta, ke kike cewa "nan ya yi, nan bai yi ba." Masu kawo aiki suna yaba Malam Habu, ni kuma ina karɓar yabon ba kunya. In babu ke ba zan iya ba, kuma ba zan karɓi muryar mutane in yi mata abin da na yi wa ta mahaifiyarki ba. Na kuma san halinki. Muddin shagon nan yana buɗe, za ki yi wata ɗaya a can ki ce kin ji Baba yana wahala, ki tattaro ki dawo. Don haka na rufe wannan ƙofar. Kafin ki karanta wannan na sauke allon, na ba Malam Iro tela makulli, ya daɗe yana son wurin. Kwamfutar da na'urar kwafar kaset na yi musu ciniki tun kina shirin tafiya, ba ki sani ba. Ko kin dawo gobe babu teburin da za ki zauna.

Kada ki yi kuka, kuma kada ki ji tausayina, ba na so. Ido yana gani, hannu bai fara rawa ba. Na share soro na kafa benci, na koma gyaran fanka da tocila da dutsen guga, inda na fara. Fanka ba ta buƙatar a saurare ta, in ta juya ta juya. Zan ci, zan sha, zan je masallaci in tsaya kusa da liman.

A cikin filas ɗin nan muryar mahaifiyarki ce, yadda na bar ta. Ni yanzu ko na murɗa har ƙarshe ba na rarrabe kalmominta, sai dai na haddace su. Ta fi amfani a wurinki. Idan wata rana ilminki ya kai, ko aka ƙirƙiro abin da zai iya dawo da wani abu daga cikin abin da na kankare, ki gwada. A kan kwafi, Ummi. In kin samo dariyar nan, ko kaɗan ne, ki saurara da kyau ki zo ki ba ni labari.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare miki jinki da ganinki da imaninki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da mugu daga hanyarki, ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki da kakarki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min abin da kika karanta a sama.

Ki riƙa kirana ranar Juma'a bayan an sauko. Zan sa wayar a kunnen dama. Ki ɗaga murya, kada ki ji kunyar mutanen gidan. In na ce "Na'am?" ki maimaita, in na sake cewa ki sake maimaitawa. Ko ban gane me kika ce ba, kada ki kashe da wuri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu